Shayin Mam Tofik a Tsakar Kurkuku

"Inna, har da butar shayi? Nan fa ba wurin shaƙatawa ba ne," in ji mai gadin ƙofa, yana leƙa kwandon Gulizar.

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai Mam Tofik ya ɗaga sandarsa daga kan keken guragu.

"Ɗana, ran da aka fara kawo ni gidan nan ba a yi mini wannan rowar shiga ba. Har turo ni aka yi."

Mai gadin ya dubi tsohon, ya sosa ƙeya, ya karɓi keken ya tura da kansa.

Wurin tsohon kurkukun birnin Sulaimaniya ne, wanda aka mayar gidan tunawa da Kurdawan da aka hallaka a kisan kiyashin da ake kira Anfal. Mam Tofik tela ya sha zaman cikinsa yana saurayi. Tun rasuwar matarsa maƙwabciyarsa Gulizar ke miƙa masa abinci ta kan katanga, ita ce kuma ta kafa ta tsare a kan sukari da likita ya hana shi. Ko a cikin takalmi ya ɓoye sai ta tono. Yanzu likitan ya ce ciwon ya fi ƙarfin magani, a mayar da shi gida, a ba shi duk abin da ransa yake so.

Abu ɗaya ransa yake so. A ɗakin da aka kulle shi akwai wani makiyayi daga yankin Garmiyan mai suna Faraj. Shayi lami ake ba su a gwangwani, sai suka yi alkawari wata rana za su zauna a tsakar gidan nan su sha shayi irin na mutane, da ƙwayar sukari a baki. Aka loda Faraj a mota wata safiya, shi ke nan.

Suka bi ta doguwar farfajiyar da aka manne da gutsattsarin madubi, kowane ɗaya a madadin rai guda. Idon Gulizar ya cika.

"Ke, bar kukan nan ki duba," in ji tsohon. "Ni ne ko'ina, kuma ko'ina kyakkyawa."

"Kyan ne ya sa kake da haƙori biyu."

A tsakar gida, kusa da wata tankar yaƙi da tsatsa ta cinye, ta shimfiɗa darduma ta zuba shayi a ƙaramin kofin gilashi. Mam Tofik ya miƙa hannu.

"Sukarin."

Gulizar ta laluba kwando. Ta zazzage shi kaf. Hannun da ya saba hana shi ne ya haɗa kayan nan, ya tsallake gwangwanin sukari ba tare da ya yi shawara da ita ba.

"Allah ya shirye ki, Gulizar. Ko su da suka kulle ni ba su kai ki tsanani ba."

Da wasa ya faɗa, amma muryar ta dushe. Ta san ba shi da ƙarfin zuwa na biyu, ga shayi yana hucewa. Kunya ta kama ta kamar ta nutse.

Wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta ratso daga ayarin ƙauyawa da suka zo ziyara. Ta kama jelar dogon hannun rigarta, inda matan ƙauye ke ƙulle ajiyarsu, ta kwance da haƙori. Sai ga dunƙulen sukari.

"Ungo, tsoho. Mace ta fita ba sukari a hannun riga? Birni ya ɓata ku."

"Daga ina, 'yar uwa?"

"Garmiyan."

"Kin san wani Faraj, makiyayi?"

"Kowane gida namu akwai Faraj ɗin da bai dawo ba. Sha kafin ya huce."

Ya sa Gulizar ta fasa dunƙulen biyu. Ya jefa rabi a baki, ya kurɓi shayi, ya lumshe ido, fuskar nan tasa ta washe. Ɗaya rabin ya cusa a ɗamararsa.

"Rabon Faraj ne. Ni zan kai masa."

Kofin nan ya zaga kowa har mai gadi. Wani ya ɗauko waƙa, ƙauyawa suka sarƙe hannu suna rawa kafaɗa da kafaɗa, Mam Tofik na jagoranci daga kan keke yana kaɗa hankici. Gulizar ba ta taɓa yin dariya irin ta ranar ba.

Ya cika ranar Litinin da hantsi, yana zaune a rana bakin ƙofarsa. Da masu wanka suka miƙo mata kayansa ta warware ɗamarar, sai rabin sukarin ya faɗo mata a cinya.

Ranar Alhamis ta je maƙabarta ta ajiye shi wajen kan kabarin. Ta zauna ta yi masa addu'a. Kafin ta shafa, tururuwa sun jeru, suna ɗauka kaɗan-kaɗan suna shiga da shi ƙasa.