Rabin Durowar Marjorie

"A hankali, Gail, ƙofar nan matsattsiya ce," in ji Marjorie ga 'yar maƙwabcinta, tana riƙe da gefe guda tana haki. Shekarunta saba'in da takwas, ga ciwon gwiwa, amma ta rantse ba za a tsallaka titi da rabin durowar nan ba sai da hannunta a ciki.

Doguwar durowa ce mai hawa biyu, ta katakon ceri, an yi ta a wannan kwari na jihar Connecticut tun kafin ƙasar ta sami 'yanci. Da kakar Marjorie ta rasu, 'ya'yanta mata biyu suka raba ta yadda ake yi a da, uwar Marjorie ta ɗauki sama, ɗayar ƙasa mai ƙafafu. Ƙasan ya zagaya ya faɗa hannun maƙwabcinta Alden Coombs, mai tantance tsofaffin kayan katako, mutumin da in ya shigo gidanka sai ya zaro aljihun tebur ya sunsuna kafin ya gaishe ka. Saman kuwa yana kicin ɗin Marjorie, cike da cokula.

Shekara arba'in yana roƙonta ta ba shi saman. Duk Lahadi bayan coci zai leƙo, wai kofi ya zo sha, alhali idonsa na kan durowa. Ita kuma ta ce ya ci kek ɗinsa ya kama gabansa, kayan uwarta ne. Gaskiyar magana tsoro take ji: in ta ba shi, me zai ƙara kawo shi?

Jiya 'yarsa Gail ta gaya mata likita ya ce kwanaki suka rage wa Alden a duniya. Marjorie ta koma gida ta juye cokulan a kwando.

A falo aka ajiye masa gado, kusa da nasa rabin. Suka ɗaga, suka ɗora, ya zauna daram. Saman ya koɗe saboda ranar tagar kicin, ƙasan ya yi duhu, amma ko allura ba za ta ratsa tsakaninsu ba.

Alden ya buɗe ido ya daɗe yana kallo. Ya nemi a miƙo masa aljihu ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa. Ya kife su a kan bargo, ya bi haɗin kusurwoyin da yatsa.

"Aikin hannu ɗaya ne," ya ce. Sai ya sunsuna. "Marjorie, kin shafa mata mai."

"Sau ɗaya tak, shekara talatin da suka wuce. Kai dai ba ka mantuwa, tsohon banza."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ita kuwa hawaye suka ƙwace mata, ta ce ya yafe mata, da tuni ya kamata ta kawo masa.

"Da kin kawo," ya ce a hankali, "da wace hujja zan riƙa zuwa?"

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, fuskarsa na kallon durowar.

Ranar Lahadi bayan coci Marjorie ta ɗora kofi, ta fito da kofuna biyu kafin ta ankara. Ba ta mayar da ɗayan ba. Ta zauna tana kallon bangon kicin, inda fentin wurin da durowar ta tsaya ya fi na sauran haske, kwandon cokula na ƙasa.