Tarin Hoskie da Dariyar Jikarsa

Tun da Verna ta kawo jaririyarta gida daga birnin Phoenix, mahaifinta Hoskie Bitsilly ya ajiye girmansa a gefe. Tsohon da ko a biki ba a ganin haƙorinsa, sai ga shi durƙushe gaban allon goyon da ake ɗaure jaririyar a kai, yana gwalo, yana kukan tunkiya. Yarinya kuwa ta zuba masa ido kamar alƙali.

Ba wauta ba ce ta kama shi. A wajen ƙabilarsu ta Navajo, jariri bai gama zama ɗan gida ba sai ya yi dariyar farko. Wanda ya sa shi dariyar, shi zai yanka tunkiya ya tara dangi, a ɗora gishiri a tafin jaririn ya miƙa wa kowa, don ya tashi da buɗaɗɗen hannu. Ga shi hutun Verna ya zo ƙarshe. In yarinyar nan ta je ta yi dariyarta a gidan renon yara na birni, wa zai san nauyin abin? Shi kuwa, da wannan ƙirji da ramin haƙar ma'adinin yuraniyom ya cinye tun yana saurayi, ya san ba lalle ya ga wata bazarar ba. Tsoro yake ji, bai dai faɗa wa kowa ba.

Ɗansa Leland, sarkin rowa, da ya shigo sai ya ɗaure fuska don kada yanka ya hau kansa. Hoskie ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai wannan fuskar kuka take sa yara.

Ranar tafiya aka loda kaya a bayan mota. Hoskie ya sunkuya kan jikarsa.

"To, ja'ira, kin ci ni. Je ki yi wa baƙi dariyar."

Bai rufe baki ba tari ya sarƙe shi, irin mai ƙarewa da fito kamar buta a kan wuta. Verna ta ruga ɗebo ruwa. Da fiton ya fita, sai yarinya ta wangale baki ta ƙyalƙyale. Ya sake tari, ta sake.

Verna ta tsaya da kofi a hannu, hawaye na zubo mata. Ta daɗe tana jin tarin nan ta waya, ta kuma san inda zai kai shi.

Hoskie ya goge ido, ya turo leɓe ya nuna garke.

"Leland, sauke kayan nan, ka kamo mini mai ƙibar. Shekara da shekaru tarin nan yana ci na, yau dai ya yi mini rana."

Washegari dangi suka yi layi a ƙofar ɗaki. Hoskie ne ya riƙe ɗan hannun jikarsa yana miƙa gishiri, har aka zo kan Verna. Ta karɓa, ta ce masa ba za su tafi a makon nan ba.