Tumbin Auduga

"Ɗaga hannunka," in ji Lauratu. Ta ƙarasa cusa audugar tsohuwar katifa a cikin 'yar sharar mijinta, ta ɗinke, ta ja da baya tana ƙare masa kallo. "Yauwa! Yanzu ka yi kama da kansila."

Gwadabe ya zura babbar riga, ya shafa sabon tumbinsa. Tun da likita ya ce hawan jini na neman kayar da shi, ya bar man shanu da tsire mai kitse, kullum a ƙafa yake tafiya daga Dukawuya zuwa rumfarsa ta shadda. Ciwon kai ya tafi, jiki ya yi sakayau. Amma da soja suka ce za su miƙa mulki ya fito takara, sai raɗe-raɗi ya cika unguwa: mutum ba ya ramewa haka kawai, ko ƙanjamau ne ko karayar arziki. Yau kuma dattawan jam'iyya za su zaɓa tsakaninsa da Maharazu, wanda tumbinsa ke riga shi shiga zaure.

A zauren Alhaji Kyari, shugaban dattawan, kallo ya koma kan cikin Gwadabe.

"Ikon Allah! Malam Gwadabe, jiki ya dawo!"

"Ashe sharri ne ake yi wa bawan Allah."

Maharazu ya ɓata rai. Gwadabe na ta gumi, auduga na yi masa ƙaiƙayi, yana mamakin yadda katifa ta fi bakinsa iya kamfe.

Kafin a yanke magana, Alhaji Kyari ya ja shi soron ciki, yana haki kamar wanda ya hau Dala.

"Kai za mu ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma ka karya mini gwiwa. Ni ma likita ya ce in rage, ko in faɗi. Na yi niyyar in tambaye ka sirrin, ashe duk wahalar banza ce, ƙibar dawowa take yi. Gara in ci abina, ranar da ta zo shi ke nan."

Gwadabe ya dubi kumburarrun ƙafafun dattijon. Daga zaure ana ta kiran, "Alhaji, muna jira!" In ya yi shiru, kujera tasa ce.

Ya kama hannun Alhaji Kyari, ya tura shi ƙarƙashin rigar.

Dattijon ya matsa. Ya sake matsawa. Ya zaro ɗan guntun auduga, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana juya shi.

"Wa ya ɗinka maka?"

"Mai ɗakina ce, Alhaji."

Alhaji Kyari ya mayar da audugar inda ya ciro ta, ya gyara masa zaman rigar da kyau.

"Gobe in za ka fita tattakin, ka biyo mini. Kuma ka ce wa Lauratu ta ajiye mini ragowar katifar."