Ɗigo Uku a Ƙofar Direba

Shekara ashirin da biyu ina tare da Fijo 504 ɗina, kuma idan aka haɗa lissafi, aƙalla shida daga ciki turawa na yi. Duk da haka babu wanda ya kai ni cika baki a gindin mangwaron garejin Wilson da ke Nasarawa, inda mu masu tsofaffin motoci muke taruwa ranar Asabar muna jiran kanikawa su gama yi mana ƙarya. Da an taɓo zancen mota sai in daki ƙofar direba da tafin hannu in ce, “Haɗin Kaduna. Ku ji ƙarfe.”

Wilson, mai garejin, ba ya barin wannan ta wuce. “Malam Nuhu, wane haɗin Kaduna? Injin ni na sa maka, Baljiyam ne. Giya Baljiyam. Fitilun daga kasuwar Fanteka. Abin da ya rage na Kaduna a motar nan kai ne da lasisinka.”

“Da ƙofofi,” nake cewa.

Kowa a gindin mangwaron nan yana da bayaninsa kan abin da ya kwantar da masana'antar harhaɗa motoci ta Kakuri. Wani ya ce gwamnati ce ta daina saye, wani ya ce motocin Kwatano ne, wani ya ce wuta. Ba wanda ya taɓa cewa mu ne, alhali a cikinmu babu wanda ya taɓa sayen sabuwa fil. Ni da nake ɗaga murya fiye da kowa, hannu na uku na sayi tawa.

Mutum ɗaya ne ba ya shiga gardamar, wato Baba Matthew, tsohon da ke sayar da baƙin mai a bakin garejin. Mutumin Binuwai ne, ya yi shekara goma sha tara a masana'antar kafin a sallame su. Aikinsa ɗaya tak: ɗaura ƙofar direba. Ya ce idan ya ɗaura, sai ya rufe ta a kan ƴar takarda ya ja. In takardar ta zame, ƙofa ba ta zauna ba, sai a sake. In ta riƙe, sai ya ɗauki ƙusa da guduma ya buga ɗigo uku a ƙarƙashin hinjin ƙasa, inda ba mai gani.

“Don me, Baba, tunda ba mai gani?” Wilson ya taɓa tambayarsa.

“Ni na gani.”

Ba wanda ya yarda. An duba motoci biyu ba a ga komai ba, ya ce ba na shekarun aikinsa ba ne. Tun daga nan aka sa masa Baba Ɗigo. Yakan yi murmushi, amma na lura ya daina ba da labarin. Tawa ce kaɗai ta dace da shekarunsa, kuma duk lokacin da aka ce a duba sai in tuna ina da uzuri a gida.

Sai matata Lizzy ta yanke hukunci. Motar ta yi wata takwas a tsakar gida tayoyi a sace, ita kuma tana son fili ta ƙara kaji. Ta ce ko motar ta fita ko mu fita tare, ni da motar. Na yi magana da Alhaji Bashir na Fanteka, mai sayen motoci yana yankawa, ya ce zai zo Asabar da safe.

Wilson na jin labari ya ce, “To kafin a yanka, a duba wa Baba ɗigonsa. Kowa ya huta.”

Baba Matthew ya dube ni. “In ka yarda, Malam.”

Na ce na yarda. Me zan ce?

Ga abin da ba su sani ba. Shekara goma sha biyar da suka wuce, Lizzy ta tafi Jos jinyar mahaifiyarta, ni kuma na yi ribas a bakin makarantarmu da ƙofa a buɗe, ina leƙen baya don madubin ya fashe. Turken wuta ya kama ƙofar ya lanƙwasa ta baya. Ban je wurin Wilson ba, don bakinsa ba ya riƙe ruwa. Na je Makera wurin wani mai gyaran bodi, ya sa mini ta Baljiyam, irin tsofaffin da ake shigowa da su daga Turai, ya fesa fenti. Tsohuwar na tura ta bayan ɗakin girki na rufe da ruɓaɓɓen kwano, na manta da ita da gangan. Wato shekara goma sha biyar ina dukan ƙarfen Turai ina yi wa Kaduna kirari.

Ranar Asabar suka iso gidana a Mahuta, Wilson da mutum uku daga gindin mangwaro, sai Alhaji Bashir da motar ja. Baba Matthew ya zo cikin tsohuwar rigar aikinsa, shuɗiya, an goge ta har karin guga ya fito. Ta yi masa yawa yanzu. Da na ga rigar nan sai na kau da kai.

Ya buɗe ƙofar, ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa ƙarƙashin hinjin. Idonsa ya yi rauni, da hannu yake gani. Ya shafa, ya sake shafawa. Wilson ya haska masa da waya. Ƙarfe sumul.

Ya miƙe, ya ciro ƴar takarda daga aljihu, ya rufe ƙofar a kanta, ya ja. Ta zame kamar an shafa mata mai. Ya tsaya yana kallon takardar, sannan ya dube ni. Kallon bai daɗe ba, amma na san ya gane. Mutumin da ya ɗaura ƙofa dubbai ba zai rasa gane baƙuwa ba.

“Wataƙila ranar ban zo aiki ba,” ya ce, ya mayar da takardar aljihu.

Wani ya yi ƴar dariya. Wilson ya ce, “Ba komai, Baba, tsufa ne,” da muryar da ake yi wa mara lafiya magana. Gara ma tsokanar.

Tsohon nan ya zaɓi a kira shi maƙaryaci da ya kunyata ni a gidana gaban matata. Na duba ko akwai hanyar da zan fita da mutuncina shi ma ya fita da nasa. Babu.

“Ba laifin Baba ba ne,” na ce. “Ƙofar Baljiyam ce.”

“Wacce?” in ji Wilson.

“Wannan.”

“Wadda kake duka?”

“Ita.”

Wilson ya zauna a kan bonet a hankali, kamar wanda aka kawo wa abinci mai yawa bai san ta inda zai fara ba. Na ba su labarin turken wuta a taƙaice, idona a ƙasa. Da na ɗago, Lizzy tana tsaye bakin ƙofar falo da bokitin dusa.

“Sai yau, Baban Debby?” ta ce.

“Kin sani?”

“Na tafi na bar ƙofa mai kama gefen zanena, na dawo na tarar ba ta kamawa. Kuma ni ke share bayan ɗakin girki.” Ta juya ga tsohon. “Baba, ku zo. Ƙofarku tana nan.”

Muka bi ta a jere zuwa bayan gida, wurin da ban taka ba shekaru saboda warin kaji. Ga ta nan, an kafa ta a tsaye an ɗaure da waya, ita ce ƙyauren akurki. Gilashin ma yana nan. Lizzy ta ce da zafi takan sauke musu shi, da damina ta ɗaga.

“Har yanzu yana hawa?” Baba Matthew ya tambaya.

“Da yatsa biyu.”

Ya durƙusa cikin kashin kaji da gogaggiyar rigarsa. Ya kankare tsatsa da farce, ya tofa yawu ya goge da babban yatsa. Sai ya kama hannun Wilson ya ɗora a wurin.

“Ɗaya,” in ji Wilson. “Biyu.” Ya ƙara shafawa. “Uku ne, wallahi.”

Kowa sai da ya taɓa, har Alhaji Bashir, wanda ya ce a haɗa masa da ita tunda ta motar ce. Lizzy ta ce motar aka sayar masa, ba akurki ba.

Baba Matthew ya murɗa hannun gilashin ya sauke, ya ɗaga, ya sake saukewa. Kaji suna kallonsa. Ya ce wa Lizzy ta riƙa ɗiga baƙin mai a hinjin kafin ruwa ya sauka, zai aiko mata.

An ja motar da hantsi, da ƙofarta ta Baljiyam tana kaɗawa. Na ɗauka zan ji wani abu, amma yunwa kawai na ji.

Har yanzu ina zuwa gindin mangwaro ranar Asabar, a Keke mai ƙafa uku. An daina cewa Baba Ɗigo, kuma duk wanda ya kawo tsohuwar 504 sai an kira shi ya duba. Sunan bai ɓata ba, gida ya sauya: ni ne yanzu Malam Baljiyam. Ina amsawa.