Huji a Jinkar Don Eulogio

Nery mugu ne, kuma muguntarsa irin ta mai murmushi ce. Ya fitar da kawunsa Don Eulogio daga ɗakin da aka haife shi, ya kai shi ɗakin ajiyar masara, don wata baƙuwa ta sami wurin jingine jakarta.

Maƙwabciyarsu Hermelinda, wadda ake kira Doña Linda, ta shigo da hantsi, riƙe da ƙoƙon kunu. A ƙofar tsohon ta tarar da ƙatuwar jakar goyo, da takalma cike da laka, da rigunan ciki a shanye kan ƙusar da yake rataye addarsa.

"Ina ka kai shi?"

"A hankali, Doña Linda, muna karatu." Nery na zaune ƙarƙashin lemo da wata doguwar Baturiya mai suna Marit. Daga kufan tsohon birnin Tikal ta sauko, ƙafafunta duk cizon sauro, ta ce za ta zauna ta koyi Sifaniyanci. "Su Turawa ɗakin jinka suke so, shi suke gani a hoto. Na siminti ma ai ya fi wa Kawu, ba ya yoyo."

"Kai ma zai fi maka, ranar taka."

Tsohon na kwance a ragarsa ta kwanciya da aka rataye tsakanin buhuna. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a daji yana hawa itatuwa yana tatsar ƙaron cingam, yau ƙoƙo ya gagare shi ɗauka. Bai dubi kunun ba. Idonsa na kan rufin siminti.

"Linda, wannan ba ya huduwa."

Ta san abin da yake nufi. A garin nan idan mutum ya zo gargara, sai a hau jinka a buɗe huji daidai kan ragarsa, rai ya sami hanya. Haka aka yi wa uwarta, haka shi da kansa ya yi wa matarsa.

"Ta ina zan fita? Ko taga babu. Ni da ban taɓa ɓata a daji ba, in zo in ɓata a gidan ubana?"

"Ba inda za ka ɓata, tsohon rigima. Sha kununka."

Kullum ta zo sai ta tare Nery, kullum amsa ɗaya. Ranar Asabar baƙuwa za ta tafi kallon wani kufan, sai a mayar da shi.

"Mutuwa kake sa wa rana?"

"Camfi ne, Doña Linda. In huda rufi a tsakiyar damina, ta je ta gaya wa duniya gidana na zuba?"

Da numfashin tsohon ya fara sarƙewa, Hermelinda ta ajiye kunya ta je wurin Baturiyar. Ta kama hannunta, ta nuna jinka, ta nuna ɗakin masara, ta yi magana a hankali kamar da yaro. Marit ta yi murmushi, ta juya ga malaminta. Nery ya zuba mata Turanci yana dariya, yana nuna ɗaurin ganyen kaba. Sai Marit ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton jinkar, ta ɗauki na Hermelinda, ta ce "na gode" da kyakkyawan lafazi.

Hermelinda ta ja mayafinta ta nufi gona da ƙafa, ta kira mijinta Anselmo da ƙannensa.

"Ku ɗauko tsani. In yaron nan ya tsaya muku, ku ɗauke shi ku ajiye a gefe."

Suka iso rana ta karkata. A ƙarƙashin lemo ana ta maimaita sunayen 'ya'yan itatuwa. A ɗakin masara kuma Don Eulogio ya riga ya cika, hannunsa ɗaya a miƙe sama, idonsa a buɗe. Hermelinda ta sauke hannun, ta rufe idon.

Anselmo ya jingina tsani a ɗakin baƙuwar, ya hau, ya sa adda.

"Don Anselmo, ai ya riga ya tafi," in ji Nery. "Me kuma za ka huda?"

"Wa ya gaya maka ya tafi?"

Ya buɗe hujin da mutum zai iya wucewa. Suka ɗauko gawar a ragarta, suka ture jakar goyo da ƙafa, suka rataye ragar a ƙarƙashin hasken.

Sai a lokacin Marit ta gane. Ta yi kuka, ta haɗa kayanta, ta bi kwalekwalen yamma. Ba ita ta kori tsohon ba. Amma ta kwana tana jin tarinsa ta bango, ta tambayi sunan kowace bishiya a gidan, ba ta tambayi tarin wa ne ba.

A garin nan mutum ɗaya ba ya yin jinka, gayya ake yi. Bayan jana'iza Nery ya bi gida-gida. Wannan bayansa na ciwo, wancan kabarsa ba ta ƙosa ba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya hau masa tsani. Ruwa ya yi ta sauka ta hujin har itatuwan rufi suka ruɓe, makarantar Sifaniyancin da ke haɗa shi da baƙi ta daina aiko masa da su. Kafin damina ta fita ɗakin ya rufta. Nery yanzu a ɗakin masara yake kwana.