Sai Iya Fanta Ta Ji

Bidon ɗaya na ruwa. Goro ashirin a ƙunshe cikin ganye. Kaye, littafin rubutu mai jan bango, da bik. Farar riga da wando na taikwando, sababbi, cikin leda. Sai yaro ɗan shekara tara, Abdulhadi, manne da bayan ubansa. Abin da moto ke ɗauke da shi ke nan ranar Asabar da hantsi, a kan hanyar yashin da ta bar Dungas ta nufi ƙauyen Sambo.

Uban, Jalaluddeen, likitan dabbobi ne. Shekara shida ya yi yana karatu a Maroko, ya dawo da ɗabi'ar rubuta komai kafin ya yanke shawara. Kwana tara ke nan ɗansa bai taka lakwal, makarantar boko, ba. Wani ƙaton yaro mai suna Maiwada ne ke tare shi bayan kasuwa, ya tuɓe masa takalmi, ya jefa kan rufin shago. Sau uku ana haka, Abdulhadi bai gaya wa kowa ba. Uwarsa Hinda ce ta gane, daga ƙayar da take cire masa a tafin ƙafa. Darektan lakwal kuma ya aiko cewa in yaron bai dawo ranar Litinin ba, za a cire sunansa.

Jalaluddeen ya raba shafin kaye uku: taikwando, dambe, kokowa.

Taikwando ya fara gani, a Magarya, wurin mai koyar da shi, Metir Maina. Yara cikin fararen kaya, ƙafafu na tashi tare kamar zare ɗaya ke jan su. Abin ya burge shi har ya sayi kayan a ranar, kafin ya tuna nisan da ke tsakanin Magarya da Dungas. Dambe kuwa a mahauta ya same shi. Gajere mahauci ya ɗaga hannun Abdulhadi, ya jujjuya shi kamar mai duba ƙafar akuya, ya ce, "Likita, wannan hannun bik ne. Ka kawo shi bayan shekara biyar, in kana da haƙoran da za ka ara masa."

Saura kokowa. An ce masa akwai wani tsoho, Sambo, wanda a zamaninsa ya shekara goma ba a kai bayansa ƙasa ba.

Sun same shi gindin tsamiya yana tufka igiya, dammunan hatsin da aka girbe jere gefen rumbu. Jalaluddeen ya zaci zai ga ƙato. Sai ya ga gajeren mutum mai kaurin wuya, kunnuwa a murɗe, tafin hannu kamar faifai. Aka gaisa, aka miƙa goro, aka tambayi gida da amfanin gona. Jalaluddeen ya faɗi abin da ya kawo su. Daga cikin gida ana jin taɓarya na sauka a turmi.

Sambo ya dubi yaron. "Ya sunanka, samari?"

"Abdulhadi," in ji Jalaluddeen.

"Aji nawa kake?"

"Aji huɗu. Yana da ƙoƙari a lissafi."

"Wa ke dukanka?"

"Ba duka ba ne sosai, Baba, takalminsa ne ake..."

Sambo ya ajiye igiya. "Likita, kai ne za ka yi kokowar? In kai ne, tuɓe rigar mu gani."

Jalaluddeen ya yi 'yar dariya, kunya ta kama shi. Ya buɗe kaye don ya sami abin kallo.

"Ka taɓa zuwa filin kokowa?" in ji Sambo. "Kafin mutum ya taɓa kowa, me yake yi?"

"Kirari."

"To. Makaɗi zai yi maka waƙa, ɗan ma'abba zai wasa ka, amma kirari kai ne da bakinka. Ubanka ba ya yi maka. Ni ba na nuna wa yaro kamu ko ɗaya sai Fanta ta ji kirarinsa." Ya nuna gidan da haɓa. "Matata ce. Kunnenta ya yi nauyi tun shekarar da muka aurar da autarmu. In ta ji, duk fili ya ji."

Jalaluddeen ya rubuta kirari a ƙarƙashin kokowa, ya sa alamar tambaya. A ƙarƙashin taikwando da dambe ya riga ya rubuta harbi da naushi. Bai san inda zai ajiye wannan ba.

Sambo ya jawo yaron gabansa. "Kirari ba ƙarya ba ne. Abin da kake da shi za ka faɗa, ka ƙara masa gishiri. Mene ne yara ke tsoro, kai ba ka tsoro?"

Abdulhadi ya sunkuyar da kai, yana haƙa yashi da babban yatsa. Amsa ta zo wa Jalaluddeen har bakin leɓe, lissafi ne zai ce, sai ya ɓare goro ya jefa a baki.

"Kunama," in ji yaron, can ƙasa-ƙasa.

"Me?"

"Kunama. Ina kama ta da tsinke biyu. Ina da guda huɗu a gwangwani bayan ɗakin girki."

Jalaluddeen ya daina tauna. Gida ɗaya suke kwana. Kullum yana wucewa ta bayan ɗakin girkin nan in zai ɗauki moto.

"Me kake ba su?" Tambayar ta fito masa ba shiri.

"Fara. Babbar ba ta cin matacciya."

"Ka ji mutum," in ji Sambo. "Je ka tsaya wurin rumbun can. Sunanka, sunan wadda ta haife ka, da kunamarka. Yadda ka ga dama ka jera su."

Daga rumbu zuwa turmin Fanta akwai taku talatin da dangar kara. Abdulhadi ya tsaya, hannu a bayansa kamar mai ba da hadda. Karo na farko ko ubansa bai ji ba. Karo na biyu an ji sunan Hinda kawai. Sambo ya koma kan igiyarsa, bai ko dube shi ba.

"Buɗe ƙafa. Ba salla kake ba. Daga ciki ake ɗauko shi, ba daga hanci ba."

Karo na uku wani jaki da ke ɗaure a gefe ya motsa kunne. Taɓarya ba ta tsaya ba. Yaron ya dubi ubansa. Jalaluddeen ya dubi jakin.

Abdulhadi ya ja numfashi, ya daki ƙirji da tafin hannu, irin yadda ya ga ana yi.

"Ni ne Abdulhadi na Hinda, mai kama kunama da rana tsaka! Ta ɗaga ƙari, na ɗaga tsinke!"

Taɓarya ta tsaya.

Wata doguwar tsohuwa ta leƙo ta ƙofar danga, gari har gwiwar hannu. "Wane ne mai kunama a ƙofar gidana? Au, maigidana ne ya zo? To ka ji, ranar da ka shigo mini da ita, yaji zan yi."

"A gwangwani suke, Iya."

"Me?"

"A gwangwani suke, da murfi."

Wannan karon bai san ya ɗaga murya ba. Fanta ta ce Allah ya shirye shi, ta koma turminta.

Sannan Sambo ya tashi. Ya durƙusa cikin yashi don su yi tsawo ɗaya, ya ce a kama shi. Sau uku yana kai yaron ƙasa a hankali, kamar mai sauke tulu. Ya nuna masa yadda ake lanƙwasa wuya in an faɗi, da inda ake kafa ƙafa in an ja mutum. A na huɗu Abdulhadi ne ya tashi ya kamo shi tun ba a ce ba.

Da yaron ya tafi shan ruwa, Jalaluddeen ya matso da kayensa. "Baba, tsakanin ukun nan, wanne ya fi kare yaro?"

"Ban sani ba. Ban taɓa yin na fararen kayan ba. Shi mai tuɓe takalmin shekararsa nawa?"

"Sha huɗu."

"Ba zai kayar da shi bana ba. Baɗi ma da wuya. Duk wanda ya ce maka zai iya, goronka yake so."

"To Litinin fa?"

"Bayan kasuwa babu mutane?"

"Akwai masu shaguna."

"Sau uku ana tuɓe masa takalmi kusa da su, ba wanda ya ji. Ka ga Fanta ta ji."

A hanyar komawa ledar fararen kayan na nan ɗaure yadda ta zo. Sun wuce gonaki biyu kafin yaron ya yi magana a bayan kunnensa.

"Abba, mushenmu, malamin ajinmu, ya fi Iya Fanta ji, ko?"

"Ya fi ta."

"Asabar za mu dawo?"

Jalaluddeen ya buɗe baki, sai ya fasa. "Kai me ka gani?"

"Mu dawo. Bai nuna mini yadda ake kayarwa ba."

Sun iso gida bayan la'asar. Abdulhadi ya wuce bayan ɗakin girki kai tsaye. Can aka jiyo shi yana maimaita kirarin, yana canja masa jeri, kaji na watsewa. Hinda ta fito da ludayi a hannu.

"Wace kunama yake faɗi?"

"Ki tambaye shi. Zai gaya miki."

Jalaluddeen ya shiga ɗaki, ya sa ledar a ƙasan akwati, ya ɗora kayen a kai. Hinda ta biyo shi tana jiran bayani. Muryar yaron na shigowa har nan, ya tsaya a wata kalma yana neman ta gaba. Jalaluddeen ya san kalmar da za ta dace. Ya miƙa hannu ya rufe ƙofa.

"Kokowa zai yi," ya ce. "Litinin zan kai shi bakin lakwal in tsaya waje. Maganar Maiwada shi zai gaya wa mushe da bakinsa."