Mataccen da Ke Jiran Mai Raba Wasiƙu

Na rantse da kabarin Mama, Selvin, ba za ka yarda ba. Ko kai da muka sha nono ɗaya. A takardar gwamnatin ƙasar nan, yayanka Osmin ya mutu. Ga ni zaune cikin a-kori-kura a garin Kenner, injin a kashe, gumi har cikin takalmi — matacce. Kuma kai ka kai labarin rasuwar. Kai da ba ka taɓa barin garinmu Olanchito ba...

Dakata. Zan gaya maka.

Ka san ni ai. Wa ya sa damo a durowar malamin lissafi? Aka kore ni a aji biyar, amma har gobe ana ba da labarin. Makaranta ce ta yi asara, ba ni ba — haka nake faɗi a kan rufin gidajen mutane ina buga ƙusa, abokan aiki na dariya har su kusa gangarowa. Lauya? Ni? Na ce wa matata Marleni, namijin da ya ratso ƙasa uku da ƙafarsa ba ya neman mai riƙe masa biro. Da kaina na shigar da neman mafakarmu. Ita da 'yarmu Keyla a ƙarƙashin sunana, kamar 'yan tsaki a ƙarƙashin kaza.

Sunan matacce.

Ga gidan da muka yi haya can. Ga tsohon mai gidan, Don Fidencio, a baranda, yana kallona tun da na tsaya. Ko hannu bai ɗaga ba. Har yanzu gishirin da na zuba masa a kofi bai bar harshensa ba.

Da za mu tashi daga nan, Marleni ta ce a sanar da ofishin shige da fice sabon adireshi, kwana goma doka ta bayar. Na ce an gama. Ta sake tambaya tana naɗe labule. Na ce haba uwar Keyla, tun jiya, har godiya suka yi mini. Ƙarya. To me ya hana? Sabon wurin gareji ne aka mayar ɗaki, mai shi ba ya son sunan kowa a akwatin wasiƙarsa. Nan kuwa akwati na nan, an san ni. Zan riƙa leƙowa. Dabara ce, Selvin, dabara mai kyau, da ba don —

Miss Loretta. Mai raba wasiƙun layin nan. Shekaru ina tsokanarta. Ranar macijin roba a akwati ta bi ni da tsintsiya har bakin titi, tana dariya, tana cewa wata rana sai na kashe ta. Ba ta wucewa ba ta miƙa wa Keyla alewa ba. Sai na ce ba zan bar layin nan ba sai na yi mata ta sallama, babba, wadda za ta ba jikokinta labari.

Na aske gashin baki. Baƙar riga, baƙin tabarau, hula a ƙirji, na tsaya jikin akwati. Da ta iso na ce ni ne Selvin, ƙanen Osmin. Osmin ya faɗo daga rufi. Iyalin sun tashi. Muryata har rawa take — da ka ga aikin da ka tafa, wallahi da ka tafa.

Ba ta yi ihu ba. Nan ne abin ya karkace. Ihu nake jira in zare tabarau in fashe da dariya. Sai ta ajiye jakarta a ƙasa, ta kama hannuna da hannu bibbiyu. Yarinyar fa? Wa zai riƙe yarinyar? Hawaye har haɓa... Na fasa tona kaina. Na ce a raina, gobe. Gobe zan laɓe bayan mota in faɗo mata, dariya ma ta fi daɗi in ta kwana. Sai guguwa ta kwashe rufin gidaje a garin Houma, aka kwashe mu can, aiki ba ji ba gani, wata ya bi wata...

Mantawa na yi? Ko kunya ce ta sa rigar mantuwa?

Don Fidencio kuwa ba ya jin Turanci ko na gaisuwa. Na tabbata ta rungume shi ta yi masa ta'aziyya, shi kuma ya zaci sonsa take.

Yau da safe matar da ke taimaka wa mutane da takardu a coci ta juyo mini fuskar kwamfuta. Ofishin shige da fice ya kira mu ganawa. Ranar ta wuce. Wasiƙar ta zo gidan nan, ta koma, da rubutun hannu a bayanta: ya rasu. Ta ce fayil ɗin a bakin rufewa yake, in ya rufu da Marleni da Keyla zai rufu, izinin aikin Marleni na otal ma a jikinsa yake rataye. Ta tambaye ni wa ya gaya wa gidan waya na mutu. Na ce maƙiya. Ta ce to in nemo wanda ya yi rubutun, ya rubuta yadda aka yi ya sa hannu, wataƙila — sau biyu ta faɗi wataƙilan — a sake ba mu rana. Ta sa na canza adireshin a gabanta. Kafin shayinta ya huce an gama. Kafin shayi ya huce, Selvin.

Keyla ba ta san Olanchito ba sai a hoto. 'Yan dabar da suka shafa wa ƙofarmu jan fenti har muka gudo, suna nan ko? Kada ka amsa.

To me zan ce wa Miss Loretta? Bari... an kai ni ɗakin gawa, da za a rufe durowa sai na yi atishawa. Kai, wannan ta yi kyau. Likita ya suma, aka kwantar da shi a gadona — ka ji ko? Har yanzu kan na aiki. Ko in ce ƙanena mahaukaci ne, ya tsere daga asibiti, ka yi haƙuri, ai kana nesa...

A'a. Hannu za ta sa. Sunanta, lambar aikinta. Duk abin da na ɗora mata shi za ta kai gaban hukuma. In ƙarya ce ta tashi, da ita za ta tashi. In gaskiya ce, sai ta rubuta da hannunta cewa wani ɗan iska ya yi wasa da hankalinta a bakin aiki, ta gaskata ba ta bincika ba. Kowacce na ɗauka, ita ke biya tare da ni. Matar nan mai alewa.

Farar motarta ta gidan waya ta shawo kwana. Tana tsayawa, tana tafiya, akwati bayan akwati. Da ma taya ta fashe. Da ma tawa ta tashi da kanta ta gudu da ni...

Don Fidencio na murmushi. Yaushe rabon da in ga haƙoransa? Waya a hannu. Mota ta tsaya a bayana, ƙofa ta buɗe — Marleni, da rigar otal, gashi a ɗaure. Ashe tsohon ya kira ta ya ji me mijinta ke ƙullawa a ƙofar gidansa tun hantsi. An biya gishirin kofi.

Na sauko. Gashin baki ya dawo, babu tabarau, babu inda zan laɓe.

Miss Loretta ta tsaya da wasiƙu a hannu. Ta dube ni daga hula har takalmi. Wannan karon ma ba ihu.

"Na sa sunanka a addu'ar mamata a cocinmu," ta ce a hankali. "Na saya wa yarinyar riga. Ban san inda zan kai ba."

Marleni ta iso gefena. Turancinta ya fi nawa.

"Wa ya mutu, Osmin?"

Ina lalube, Selvin. Aljihun ƙaryar nan da ban taɓa sa hannu na fito da shi wayam ba... ina lalube. Babu komai ciki sai gaskiya. Ita kuma in ta fito daga bakina, wa zai yarda —